Auna yawan motsa jiki ga masu hawan jini

Auna yawan motsa jiki ga masu hawan jini shi ne ƙididdige motsin da mai wannan ciwo yake yi a rayuwarsa ta yau da kullum, domin a san ko ya kai gwargwadon da zai taimaka wajen sauko da jininsa. Abubuwa huɗu ake dubawa: irin aikin, sau nawa ake yin sa a mako, tsawon lokacin da yake ɗauka, da kuma ƙarfinsa. Ana yin awon ta hanyar yi wa mutum tambayoyi, ko ta ɗaura masa na'ura a jiki, ko a haɗa biyun. A ilimin kiwon lafiya, motsa jiki na nufin duk wani motsi na tsoka da ke cin kuzari, saboda haka noma, daka, ɗiban ruwa da tafiya kasuwa duk suna ciki, kamar yadda gudu da ƙwallo suke ciki.

Yawancin kayan awon an ƙirƙire su ne a ƙasashen da mutane ke aikin albashi, suna duba agogo, suna kuma ware lokacin atisaye daban. A yankunan karkara na ƙasar Hausa, kamar ƙananan hukumomin Rano da Kibiya a kudancin Jihar Kano, mafi yawan motsin mutane yana cikin aikin gona da aikin gida ne, kuma yana hawa da sauka bisa yanayin shekara. Wannan ya sa sakamakon awo ya dogara ƙwarai ga yadda aka yi tambayar da kuma watan da aka yi ta.

Dalilin aunawa

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mutum a matsayin mai hawan jini idan an auna shi a ranaku biyu daban aka samu lambar sama ta kai 140 ko fiye, ko lambar ƙasa ta kai 90 ko fiye. Rahoton da hukumar ta fitar a shekarar 2023 ya ce kimanin manya biliyan 1.3 ne ke da ciwon a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. A Najeriya, nazarin da Davies Adeloye da abokan aikinsa suka wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kashi 32.5 cikin 100 na manya, wato kimanin mutum miliyan 27.5, suna da hawan jini. Ciwon yana cikin manyan abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya da lalacewar ƙoda. Kano na ɗaya daga cikin jihohi biyu, tare da Ogun, da aka fara shirin kula da hawan jini a ƙananan asibitoci na matakin farko da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya.

Motsa jiki na yau da kullum, irin wanda ke sa numfashi ya ƙaru, yana rage lambar sama da kimanin maki 5 zuwa 8 ga mai hawan jini. Wannan ya yi kusa da abin da ƙwayar magani guda take yi wa mutane da yawa. An gwada haka a Kano ma: Sikiru Lamina ya wallafa bincike a 2010 a kan maza 357 masu hawan jini na Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, inda waɗanda aka sa su tuƙa keken atisaye na tsawon mako 8 jininsu ya sauko idan aka kwatanta da waɗanda ba a sa ba.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce baligi ya yi minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani, da kuma aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Shawarar ta ambaci masu hawan jini kai tsaye. Ma'aikacin lafiya ba shi da yadda zai ce wa majinyaci ya ƙara ko ya rage sai ya san inda majinyacin yake tsaye. Cewa manomin da ya wuni yana huɗa ya riƙa zagaya filin ƙwallo da yamma shawara ce da ba za ta karɓu ba, kuma ba ta da amfani.

Auna yawan motsi daban yake da auna ƙarfin jiki. Gwajin tafiyar minti 6, inda ake sa majinyaci ya yi ta kai da kawowa a wani fili mai tsawon mita 30 a ƙirga nisan da ya ci, yana nuna abin da mutum zai iya yi ne. Abin da yake yi a zahiri bayan ya koma gida wata tambaya ce.

Ma'aunin MET

Domin a iya haɗa ayyuka iri-iri a lissafi guda, masana suna amfani da ma'auni da ake kira MET. MET ɗaya shi ne kuzarin da jiki ke ci idan mutum yana zaune shiru, wato kimanin mililita 3.5 na iskar oksijin ga kowane kilo na nauyin jiki a minti guda. Aikin da ya ci ninki huɗu na wannan, MET 4 ke nan. Abin da bai kai MET 3 ba ana kiran sa mara nauyi, daga 3 zuwa ƙasa da 6 matsakaici, daga 6 zuwa sama mai tsanani. Zama da kishingiɗa a farke ba sa wuce 1.5.

Akwai kundi da ya jera ɗaruruwan ayyuka da darajar MET ɗinsu, wanda Barbara Ainsworth da abokan aikinta suka fara fitarwa a Amurka a 1993, aka sabunta shi a 2000, 2011 da 2024. Idan aka ninka MET na aiki da mintocin da aka yi da kwanakin da aka yi shi, ana samun jimillar mako. Minti 150 na motsi matsakaici sau MET 4 ya ba da 600, shi ya sa ake ɗaukar 600 a matsayin mafi ƙarancin abin da ake so.

Takardun tambayoyi

Hanya mafi araha, kuma wadda aka fi amfani da ita a Najeriya, ita ce takardar tambayoyi. Biyu ne suka yi fice.

Ta farko ita ce IPAQ, wadda wasu masana suka fara tsarawa a birnin Janiba a 1998, aka kuma wallafa sakamakon gwajinta a ƙasashe 12 a 2003. Gajeriyarta tana da tambayoyi 7, doguwar kuma 27. An yi ta ne domin masu shekara 15 zuwa 69, kuma tana tambaya a kan kwana 7 da suka wuce: kwana nawa aka yi aiki mai tsanani da tsawon lokacinsa, haka ma matsakaici, haka ma tafiya a ƙafa, sannan awa nawa aka yi a zaune. Wajen lissafi ana ba tafiya MET 3.3, matsakaici 4, mai tsanani 8. Wanda ya haɗa aƙalla 600 cikin kwana 5 ko fiye, ko ya yi minti 30 na tafiya ko motsi matsakaici a kwana 5, ko minti 20 na mai tsanani a kwana 3, yana rukunin tsakiya. Wanda ya yi mai tsanani a kwana 3 ya haɗa 1,500, ko ya yi motsi kullum ya haɗa 3,000, yana rukunin sama. Sauran suna rukunin ƙasa. Ƙa'idar lissafin ta ce duk aikin da aka ce ya wuce minti 180 a rana a mayar da shi 180, kuma motsin da bai kai minti 10 a jere ba ba a ƙirga shi.

Ta biyu ita ce GPAQ, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta samar a 2002 domin bincikenta na cututtukan da ba a ɗauka daga wani. Tana da tambayoyi 16, kuma ta raba motsi gida uku: na wurin aiki, na zirga-zirga, da na nishaɗi. Tana tambaya a kan makon da aka saba, kuma ana haɗa ta da katin hotuna da kowace ƙasa za ta cika da ayyukan mutanenta. Ga yanki irin Rano da Kibiya wannan rabon yana da amfani, domin yana nuna daga ina motsin ya fito.

Babbar matsalar kowace takarda ita ce mutane suna ƙara gishiri, ko da ba da gangan ba. Wani nazari na 2011 da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi wa gajeriyar IPAQ ya gano cewa a yawancinsu ta nuna motsi fiye da wanda na'ura ta gani, da matsakaicin ƙari na kashi 84 cikin 100.

Fassarar Hausa da matsalar kalmomi

A 2011 Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa na Jami'ar Maiduguri sun wallafa fassarar Hausa ta gajeriyar IPAQ. Sakamakonta ya yi daidai sosai da na takardar Turanci. Da aka sake yi wa mutanen tambaya bayan ɗan lokaci, amsoshinsu a kan aiki mai tsanani sun fi tsayawa wuri guda, amma na matsakaici sun yi ta sauyawa. A 2014 sun kwatanta takardar da na'urar auna motsi, kuma daidaiton da aka samu ba mai ƙarfi ba ne. A birnin Maiduguri aka yi waɗannan gwaje-gwaje, kuma mai amfani da takardar a ƙauyen Kano yana buƙatar ya kula da yadda kalmominta ke sauka a kunnen mai amsawa.

Kalmar motsa jiki kanta ita ce ta farko. A bakin yawancin Hausawa tana nufin abin da ake yi da gangan: gudun safe, ƙwallo, faretin 'yan makaranta, ko tattakin da likita ya ce a yi. Manomi zai iya cewa shi bai taɓa motsa jiki ba, alhali tun asuba yake riƙe da fartanya. Kalmar aiki ma haka take a wajen mata. Matar da ta ce ba ta aiki tana nufin ba ta karɓar albashi, ko da kuwa ita ke surfe da daka da wanki da shara na gida mai mutum goma. Takardar GPAQ ta fayyace cewa aiki ya haɗa da wanda ba a biya da na gida da na gona, amma wannan bayanin sai mai tambaya ya faɗe shi da bakinsa, tunda akasari karanta wa majinyaci ake yi.

Sai bambancin matsakaici da mai tsanani. Waɗannan kalmomin littafi ne. Ba wanda ke raba aikinsa haka a hira. Abin da ya fi fahimtuwa shi ne numfashi: aikin da ke sa numfashi ya ɗan ƙaru amma ana iya hira, da wanda ke sa haki har magana ta riƙa yankewa. Zufa ba ma'auni ba ce a nan, domin a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, wanda ke zaune a inuwa ma zufa yake yi.

Lokaci shi ne ya fi wuya. Takarda tana neman awa da minti, mai amsawa kuma yana auna yininsa da salla da rana: bayan asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, magariba. Idan manomi ya ce yana gona daga bayan asuba har azahar, aka rubuta awa 7 na aiki mai tsanani, an yi kuskure. A ciki akwai tafiya zuwa gonar, da hutu, da shan fura, da gyaran ƙotar fartanya, da hira da maƙwabcin gona. Mai tambaya da ya san aikinsa yakan bi yinin daki-daki, salla zuwa salla, ya cire waɗannan. Haka kuma maimakon a ce kwana bakwai da suka wuce, ya fi sauƙi a kama ranar Juma'a ko ranar kasuwa a ƙirga daga nan, domin su ne ranakun da ake tunawa.

Tambayar zama tana da tata matsalar. Zama a Hausa yana nufin ɗora mazaunai a ƙasa, yana kuma nufin kasancewa a wuri, kamar a ce tana zaune a gidan mijinta. Ga shi kuma ya haɗu da zaman banza da zaman kashe wando, waɗanda ba mai so a jingina masa. Saboda haka magidanci zai rage awoyin da yake yi a majalisa ko a bakin shago. Tela, mai ɗinkin hula, mai tireda da malamin makarantar allo duk suna aiki, amma a ma'aunin MET yawancin yininsu zama ne.

Akwai kuma kara. Majinyaci a gaban likita yakan amsa da "ana taɓawa" ko "daidai gwargwado", amsoshin da ba su da lamba, kuma idan aka matsa masa yakan faɗi abin da yake jin likita na so ya ji.

Damina da rani a Rano da Kibiya

Rano tsohon gari ne, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Rano tana da mutum 145,439, Kibiya kuma 136,736, kuma su biyun tare da Bunkure suna mazaɓar tarayya guda. Yawancin mutanen yankin, a garuruwa irin su Rurum, Saji da Zurgu a Rano, da Tarai da Durba a Kibiya, manoma ne na dawa, gero, masara, gyaɗa, wake da shinkafa, tare da kiwo. Ruwan sama yakan fara ne wajen Mayu ko Yuni ya ɗauke wajen Satumba ko Oktoba.

Aikin jiki yana bin wannan kalanda. Kafin ruwa ya sauka ana sharar gona da kai taki. Da ya sauka sai shuka, sai noman fari da maimai da huɗa, waɗanda su ne mafi nauyi a shekara. Da kaka akwai girbi, ɗaurin dami, cirar gyaɗa, sussuka da jidar amfani zuwa gida. Daga nan sai aiki ya yi sauƙi ga wanda ba ya noman rani ko zuwa cin rani, kuma dattawa, waɗanda su ne suka fi yawa cikin masu hawan jini, sun fi zama a gida a wannan lokaci.

A ɗauki misalin manomi mai shekara 55. A watan Yuli ya ce ya yi huɗa kwana 5, awa 2 kowace rana idan an cire hutu, ya kuma yi tafiyar minti 40 a kwana 6. Lissafinsa shi ne 5 sau 120 sau 8, wato 4,800, a haɗa da 6 sau 40 sau 3.3, wato 792. Jimilla 5,592, rukunin sama. A watan Fabrairu mutumin nan ya yi aikin gyaran danga na minti 30 a kwana 2, wato 240, da tafiyar minti 20 a kwana 3, wato 198. Jimilla 438, rukunin ƙasa. Duka amsoshin biyu gaskiya ne. Binciken da aka yi da damina zai ce mutanen yankin ba su da matsalar rashin motsi, wanda aka yi da rani kuma zai ce suna da ita. Tambayar GPAQ a kan makon da aka saba ba ta warware wannan ba, domin manomi ba shi da mako guda da ya saba. Mafita ita ce a auna aƙalla sau biyu a shekara, a kuma rubuta watan da aka yi awon kusa da sakamakon.

Aikin mata bai cika sauyawa da yanayi kamar na maza ba, amma ya fi saurin ɓacewa a takarda. Macen da ke yin minti 30 na surfe ko daka kullum tana da 7 sau 30 sau 4, wato 840, wanda ya sa ta a rukunin tsakiya. Idan aka tambaye ta ko tana motsa jiki ta ce a'a, sifili za a rubuta. A ɗaya ɓangaren kuma, uwargidan da ta yi surukai da jikoki sau da yawa ta riga ta miƙa musu waɗannan ayyuka, kuma a shekarun ne hawan jini ya fi bayyana. Mata biyu a gida ɗaya na iya kasancewa a rukuni biyu mafi nisa da juna.

Ƙa'idar minti 10 tana zubar da wani abu mai yawa. Wanda masallacinsa ke da nisan minti 5 yana yin minti 50 na tafiya a rana idan ya je ya dawo sau biyar, amma IPAQ ba ta ƙirga ko minti ɗaya a ciki. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta cire wannan sharaɗi, ta ce kowane motsi yana da amfani komai gajartarsa, sai dai takardun an rubuta su tun kafin nan.

Yawan motsin karkara kansa yana raguwa. Babur ya maye gurbin tafiyar ƙafa da keke tsakanin ƙauyuka, injin niƙa ya rage aikin turmi da dutsen niƙa, feshin maganin ciyawa ya rage noman hannu, rijiyar burtsatse kuma ta rage jan guga. Waɗannan sauƙi ne da ba wanda zai ƙi, amma suna nufin ba daidai ba ne a ɗauka cewa duk mutumin ƙauye yana samun isasshen motsi.

Na'urori

Na'urar ƙirga taku ita ce mafi sauƙi. Ana maƙala ta a ƙugu, kuma yawancin wayoyin zamani suna da irinta a ciki. Rabe-raben da Catrine Tudor-Locke da David Bassett suka fitar a 2004 sun ɗauki ƙasa da taku 5,000 a rana a matsayin rashin motsi, 10,000 zuwa sama kuma a matsayin isasshe. Lambar 10,000 ɗin ta samo asali ne daga sunan wata na'ura da kamfanin Yamasa ya fitar a Japan a 1965. Nazarin da aka yi a 2022 ya nuna cewa ga masu shekara 60 zuwa sama, raguwar haɗarin mutuwa tana tsayawa ne wajen taku 6,000 zuwa 8,000. Taku 100 a minti guda ya yi daidai da tafiya matsakaiciya ga yawancin manya.

Na'urar auna motsi, irin ta kamfanin ActiGraph, tana rubuta ƙarfin motsi da lokacinsa. A bincike akan sa mutum ya ɗaura ta kwana 7, kuma akan karɓi sakamakon ne idan ya sa ta aƙalla awa 10 a rana na kwana 4. Hanyar da ta fi kowace daidai wajen auna kuzarin da jiki ya ci ita ce a shayar da mutum wani ruwa mai alama ta musamman a riƙa gwada fitsarinsa na mako ɗaya zuwa biyu, amma tsadarta ta sa sai manyan cibiyoyin bincike ke yin ta.

Na'ura ba ta mantuwa kuma ba ta kara, amma tana da makanta. Wadda ke ƙugu ba ta ganin aikin hannu, saboda haka mai daka a tsaye wuri ɗaya kusan kamar mai hutawa take a wurinta. Ba ta bambanta mai tafiya hannu rabbana da wanda ya ɗauko jarka mai lita 25 a ka, kuma ba ta kama tuƙa keke da kyau. A ɗaya gefen, girgizar babur a hanyar da ba kwalta na iya shiga a matsayin taku. Wadda ake ɗaurawa a hannu kuma akan cire ta wajen alwala, wani lokaci a manta ba a mayar ba. Wayar hannu tana ƙirga takun wanda ke ɗauke da ita ne kawai. Wayar da ke rataye a ɗaki ko take wajen mai caji ba ta san komai ba, kuma a gidaje da yawa mutum biyu ko uku ke amfani da waya ɗaya. Ga kuma batun yarda: abin da za a ɗaura wa mutum a ƙugu mako guda yana jawo tambaya daga iyali da maƙwabta, don haka bayani tun farko, da samun mace ta yi wa mata, yana cikin aikin.

Abin da ya keɓanta ga mai hawan jini

Wasu magungunan hawan jini suna ɓata awo. Atenolol da propranolol suna rage saurin bugun zuciya, saboda haka agogon da ke auna ƙarfin aiki ta hanyar bugun zuciya zai nuna mai shan su bai wahala ba, ko da yana haki. Ga irin waɗannan an fi amfani da ma'aunin da Gunnar Borg na ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro, inda mutum ke faɗin yadda yake jin nauyin aikin daga 6 zuwa 20, ko kuma gwajin magana da aka ambata a sama, wanda ba ya buƙatar iya karatu. Magungunan da ke sa fitsari, irin su hydrochlorothiazide, suna rage ruwan jiki, kuma idan suka haɗu da aikin rana da bazara ko da azumi suna iya sa jiri. Majinyacin da motsinsa ya ragu bayan an sauya masa magani ya kamata a tambaye shi dalili.

Lamba mai yawa ba kullum take nufin lafiya ba. Andreas Holtermann da wasu masana a Denmak sun nuna cewa aikin wahala na neman abinci ba ya ba zuciya amfanin da motsin nishaɗi ke bayarwa. A bincikensu na 2021 a kan mutum sama da 100,000 a birnin Kofanhegan, yawan motsin nishaɗi ya zo tare da raguwar ciwon zuciya da mutuwa, yawan aikin wahala kuma ya zo tare da ƙaruwarsu. Bayanin da suka bayar shi ne aikin wahala yana ɗaukar awoyi masu yawa ba isasshen hutu, ya haɗa da ɗaga kaya da tsayuwa, kuma yana barin jini a sama tsawon yini. A Turai aka yi binciken, amma yana da muhimmanci ga duk inda yawancin motsi na aiki ne. Gajeriyar IPAQ tana zuba komai a kwando ɗaya, don haka ba za ta nuna wannan bambanci ba. GPAQ da doguwar IPAQ suna nunawa.

Ɗaga kaya mai nauyi tare da riƙe numfashi, kamar wajen cicciɓar buhun hatsi, yana sa jini ya yi tsalle na ɗan lokaci. Yana da kyau mai tambaya ya rubuta irin wannan aiki daban. Wanda jininsa ya kai 180 bisa 110 a zaune akan ce ya fara ganin likita kafin ya shiga aiki mai tsanani, kuma ciwon ƙirji, jiri, ko ƙarancin numfashi da bai dace da aikin ba dalili ne na tsayawa a nemi asibiti.

Motsi yana shafar awon jinin kansa. Jini yana hawa yayin aiki, sannan bayan an gama yakan sauka ƙasa da yadda ya saba na wasu awoyi. Ƙa'ida ita ce kada a auna mutum sai bayan minti 30 da gama aiki mai nauyi, kuma ya zauna shiru minti 5, bayansa a jingine, hannunsa daidai da ƙirji. Majinyacin da ya tuƙo keke daga ƙauye zuwa asibiti a Rano, ko ya tako daga bayan gari zuwa asibitin sha-ka-tafi a Kibiya, yana buƙatar wannan hutu kafin a ɗaura masa abin awo, kuma tafiyar da ya yi ta zuwa asibitin tana shiga lissafin motsinsa na wannan mako.